Zuwa Galwe, inda ɗigon sinadari ke sauya wa dabbar teku kai da gindi

Daga filin jirgin saman Dablin zuwa Galwe tafiyar kamar awa 3 ce a bas. Ana ratsa ƙasar Ailan daga gabas zuwa yamma, kilomita 200 da 'yan kai, ciyawa kore shar ko'ina, shanu da tumaki, sai an haye kogin Shanon a garin Atlon sannan katangun duwatsu marasa siminti su fara yawaita a gonaki. Jirgin ƙasa ma yana zuwa daga tashar Heuston. Duk wanda ya hau, abin da ya kamata ya fara dubawa kafin ya sa ranar tafiya shi ne jadawalin cika da janyewar teku, domin dabbar da na zo gani, Hydractinia, ba ta samuwa da ƙafa sai teku ya ja baya sosai. Hakan na faruwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata a ɓoye da kuma bayan cikarsa. A irin waɗannan ranaku bambancin cika da janyewa a Galwe yakan kusan kai mita 5, kuma janyewar takan faɗo wajen tsakar rana, abin da ke sauƙaƙa wa mai aiki.

Garin yana bakin da kogin Korib ke zuba cikin teku. Mun fita ta yamma da gari, muka wuce Solthil, muka gangara inda duwatsu da yashi suka cakuɗe. Kayan aikin ba su da yawa: takalmin roba mai tsawo, bokiti biyu masu murfi, madubin hannu mai ƙara girma sau 10, da rigar ruwa, don iskar yamma kan taho da yayyafi ba sallama. Ana bin ruwa yana ja, ana duba kududdufan da ya bari. Abin nema shi ne ƙaguwar nan mai aron gida, Pagurus bernhardus, wadda ba ta da ɓawo a bayan jikinta sai ta shige katantanwar da mai ita ya mutu. Yawancin katantanwar da za ka ɗauka ƙwal suke. Can sai ka ci karo da wadda ke da wani lulluɓi ruwan ƙasa mai sirkin ja a bayanta. In ka ɗaga ta sama lulluɓin ya kwanta ya zama kamar datti mai kaushi, in ka mayar da ita ruwa ka jira minti biyu sai ya miƙe ya yi gashi-gashi. Wannan ita ce Hydractinia echinata, dangin murjani da jelifish. Kada a tara ƙaguwa da yawa a bokiti ɗaya, suna faɗa suna ƙwace wa juna gida, lulluɓin ya gurje. Kuma ido ɗaya ya tsaya a baya, domin teku ba ta gaba kaɗai yake dawowa ba, yakan biyo kwazazzabai ya zagaye mutum.

A ƙarƙashin maikroskof lulluɓin gungu ne na ɗaruruwan ƙananan jikkuna da ake kira folif, kowane tsawonsa 'yan milimita. Masu ci suna da baki a sama, zagaye da hannuwa sirara masu harbin dafi. Akwai masu haihuwa, gajeru, ɗauke da 'yan jakunkuna a wuya. A bakin katantanwar akwai wasu dogaye masu naɗewa, su ne masu tsaro. Dukkansu sun tsiro ne daga bututu masu rarrafe a kan ɓawon, waɗanda masana ke kira sitolon, ni kuma zan ce musu saiwa. Ta cikinsu abinci ke zagaya gungun. Gungu guda ko dai namiji ne ko mace. A jakar mace ana hango ƙwai ƙwaya-ƙwaya, ta namiji kuwa fara ce tas ba rarrabewa. Jikin folif kansa ba shi da wuyar fahimta: kai a sama, ciki a tsakiya, saiwa a ƙasa. Wannan sauƙin ne ya sa masu binciken yadda jiki ke tsara kansa suka riƙe dabbar, don in sinadari ya taɓa tsarin, da ido za a ƙirga abin da ya ƙaru da abin da ya ragu.

A ɗakin binciken da na sauka, tankunan na cikin ɗaki mai sanyin digiri 18. Ana ciyar da gungun da 'ya'yan Artemia, wasu ƙananan jatan lande, da aka ƙyanƙyashe a ruwan gishiri, wani lokaci da niƙaƙƙen naman kifi. Fitila na kunne awa 14, a kashe awa 10. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Galwe sai wajen ƙarfe 10 na dare, saboda haka tagogin ɗakin a toshe suke, agogon lantarki ne ke yi wa dabbobin dare da rana. Dalilin kuwa shi ne haske ne ke sa su sakin ƙwai da maniyyi. Bayan sun sha duhu, da an kunna fitila, cikin awa ɗaya zuwa biyu ruwan gefen maza ya yi hazo-hazo, ƙwai kuma su gangaro ƙasan kwano. Mai kula da tankunan ta ja mini kunne a kan abu guda: ko hasken waya aka shiga da shi cikin duhu, wasu gungun za su saki nasu kafin lokaci, da safe a tarar da ƙwai da ba a san shekarunsu ba. Ƙwan da ba a san lokacin da aka ba shi maniyyi ba kuwa ba shi da amfani a gwajin da awa ɗaya ke sauya sakamako.

Ana tsince ƙwan da fifet mai faɗin baki, a wanke su a ruwan teku da aka tace da matatar maikromita 0.22. Kamar awa ɗaya bayan haɗuwa da maniyyi ƙwai ke fara rabuwa, kuma wannan rabuwar ta cancanci a tsaya a kalle ta. Ba ya tsukewa ta ko'ina lokaci guda. Tsaga ce ke farawa ta gefe ɗaya tana nutsewa a hankali, ƙwan ya yi siffar ƙodar wake kafin ya rabu biyu. Gary Freeman ya nuna a 1981 cewa daidai wurin da tsagar ta fara shi ne zai zama bayan tsutsa. Cikin kwana 2 zuwa 3 an sami tsutsar, wadda ake kira fulanula: doguwa, ba ta wuce milimita ɗaya, gabanta mai kauri, bayanta tsinini, ba baki ba ciki, tana silalewa a ƙasan faranti da gashin jikinta. A nan ne sababbin ɗalibai ke rikicewa. Gaban da take tafiya da shi, shi ne zai manne a ɓawo ya zama saiwa. Wutsiyar ce za ta zama baki da hannuwa. Ke nan tun daga tsagar farko an riga an nuna inda baki zai fito.

Tsutsar ba ta rikiɗa ta zama folif don kanta. In ruwan tsaf yake, za ta yi ta yawo makonni tana cin guzurin da uwa ta zuba mata har ta ƙanƙance ta mutu. Werner Müller, wanda ya daɗe a Jami'ar Haidelbag ta Jamus, ya nuna a 1969 cewa bakteriyar da ke kan ɓawo ce ke ba ta izini. Thomas Leitz da abokin aikinsa sun ware guda a 1993, wadda a yau ake kira Pseudoalteromonas espejiana, sannan a 2021 ƙungiyar Christine Beemelmanns a garin Jena na Jamus ta nuna cewa wasu nau'o'in maiƙo da wani dogon sukari mai suna kurdulan da ke cikin yauƙin bakteriya suna tayar da rikiɗar. Amma a aikin yau da kullum ba a jiran bakteriya, don ba ta da agogo. Gishirin siziyom ake amfani da shi.

Ga yadda ake yi. A narka giram 9.76 na siziyom kulorayid a ruwa tatacce mara gishiri har ya cika mililita 100. Wannan ya ba da milimola 580 (milimola ma'aunin yawan sinadari ne a cikin ruwa), wanda ƙarfinsa ya yi daidai da na ruwan teku, don haka ba zai kumbura tsutsa ko ya tsotse ta ba. A ɗebi kashi 1 a haɗa da kashi 4 na ruwan teku, an sami milimola 116. A zuba tsutsotsin da suka kai, a bar su awa 3. Tun kafin lokacin ya cika za ka ga sun daina tafiya, wutsiya na janyewa ciki, jiki na dunƙulewa. Sai a wanke su sau uku, kowane karo a sabon faranti, a jera su a kan gilashin da ake so su manne. Washegari war haka kowace ta zama ƙaramin folif, da baki, da hannuwa kaɗan, da saiwoyi biyu ko uku ko huɗu da suka fara miƙa kai. A cikin waɗannan awa 24 tantanin halitta masu yawa na tsutsa suna kashe kansu da gangan, musamman a gaba da baya, a sāke gina jiki da abin da ya rage. Wannan kwana ɗaya ne ƙofar da masu sinadarai ke shiga ta cikinta.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. In ba a wanke siziyom da kyau ba, tsutsa ta dunƙule ta tsaya a haka, ba ta manne ba, ba ta fitar da hannu ba. In an gaggauta aka zuba wa tsutsar da ba ta kai ba, kaɗan ne za su amsa, mutum ya ɗauka sinadarin da yake gwadawa ne ya hana. In an bar farantin a buɗe ƙarƙashin fitilar maikroskof, ruwan ya ƙafe, gishiri ya hau, zafi ma ya hau. Ragowar sabulu a gilashi na kashe su, haka ruwan da ya bi bututun tagulla. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne ruwan da ya tsufa: amoniya da kanta tana tayar da rikiɗa, kamar yadda Stefan Berking ya nuna a 1988, saboda haka faranti mai datti zai ba ka folif ba tare da ka zuba komai ba. Shi ya sa kowane gwaji ke tafiya da farantin shaida, wanda aka yi masa komai iri ɗaya ban da sinadarin.

Wani gwajin da aka nuna mini yana buƙatar hannu mai natsuwa da ɗan guntun reza. A yanka tsutsa biyu a gicciye, a jira raunin ya rufe, a zuba wa kowane rabi siziyom. Rabin gaba ya rikiɗa, rabin baya ya yi biris. Dalili shi ne jijiyoyin da ke jin saƙon waje a gaba suke, su ne ke sakin saƙo na biyu zuwa sauran jiki. An gano irin wannan saƙon a 1994, lokacin da Leitz da abokansa suka tace shi daga wata dabbar teku mai kama da fure, Anthopleura elegantissima, suka sa masa suna metamofosin A. Gajeren feftayid ne, wato ɗan guntun furotin, kuma Hydractinia na da nata masu irin ƙarshensa. In aka zuba wa rabin bayan nan feftayid ɗin kai tsaye, sai ya rikiɗa, don an tsallake masu gadin ƙofa. Akwai kuma wani rukunin feftayid da ke yin akasin haka, yana riƙe tsutsa a matsayinta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsohon aikin Berking na 1987. Ya niƙa naman Hydractinia, ya yi ta tacewa yana gwada kowane kaso a kan tsutsotsi, har ya kai ga abin da ke hana su rikiɗa. Sai ga shi ƙaramin sinadari ne da aka daɗe da sani a naman manyan jatan landen teku, homarin. Tare da shi akwai ɗan'uwansa tirigonelin, kamar kashi ɗaya cikin uku na yawan homarin. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a gidajenmu, shi ne ke cikin hulba, yana kuma cikin kofi. Su biyun nauyinsu ɗaya, 137, ginin ma kusan ɗaya, bambancin wurin da reshe guda ya maƙale ne a jikin zobe.

Adadin ne abin mamaki. A cikin ƙwai Berking ya auna homarin kimanin milimola 25. Amma maikromola 10 zuwa 20 (milimola ɗaya maikromola 1,000 ce) a ruwan waje sun isa su hana tsutsa yin kai da saiwa baki ɗaya. Ke nan abin da ke cikin ƙwai ya ninka abin da ke iya tsayar da komai sau 1,000 da ɗoriya. Da a sake yake yawo cikin jiki, ba tsutsar da za ta taɓa rikiɗa. Dole a ƙulle yake a wata ma'ajiya, kamar hatsin shekara a rumbu da ake ɗiba mudu-mudu. Ya kuma gano cewa jimillarsa ba ta sauyawa tun daga ƙwai har zuwa farkon gungu, cewa a babban gungu yawansa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke tsutsa, kuma kan folif na ɗauke da ninki biyu na abin da ke ciki da saiwa.

Haɗa ruwan gwajin ba wuya, sai dai akwai tarko. Tirigonelin da ake sayarwa galibi mai haidirokulorayid ne, nauyinsa 173.6. Don samun milimola 10, miligiram 1.74 ake narkawa a kowane mililita, ba 1.37 ba. Wanda ya yi lissafi da 137 zai zuba ƙasa da abin da yake zato da kusan kashi 20 cikin 100, a daidai iyakar da sinadarin ke fara aiki. Daga wannan ruwan, maikrolita 2 a kowane mililita na ruwan teku ya ba da maikromola 20. Sai a raba tsutsotsin ƙwai ɗaya, masu shekaru ɗaya, gida uku. Na farko shaida. Na biyu a bar su cikin sinadarin tun daga farko ba cirewa. Na uku a jira rikiɗa ta kankama, a tsoma su na ɗan lokaci, a wanke.

Na daɗe a kan waɗannan faranti uku. A na farko folif ne cikakku, kai daidai, saiwa daidai. A na biyu babu kai babu saiwa, an tsayar da su a hanya. Na ukun ne ke sa mutum ya gyara zama: rikiɗar ta kammala, amma rabon jiki ya karkace. Naman da ya kamata ya tashi ya zama ciki da kai ya kwarara ƙasa, saiwoyi sun yi kauri sun bazu a kan gilashi, folif ɗin da ke tsakiya ɗan tsugul. Sinadari ɗaya ne, adadi ɗaya ne, lokacin zubawa da tsawon zama ne kawai suka bambanta, aka sami dabba biyu daban. Tsutsa ba ta ci, saboda haka naman da take da shi ƙayyadadde ne, duk abin da saiwa ta ɗauka daga rabon kai ya fito. Abin da ake aunawa ke nan a zahiri: a ina aka ja layin rabo tsakanin sama da ƙasa.

Akwai lissafin da ya kamata duk mai wannan gwaji ya yi wa kansa. In aka ɗauki faɗin ƙwai a kan milimita 0.2, cikinsa nanolita 4 ne da ɗan kai. A milimola 25, homarin da ke ciki ya kai kimanin fikomol 100. In ƙwai ɗaya ya fashe a mililita ɗaya na ruwa, ya ba da maikromola 0.1, ba komai. In 100 suka fashe, an kai maikromola 10. A ɗan ramin faranti mai maikrolita 100 kuwa, guda 10 sun isa. Ma'ana, fifet mai ƙaramin baki da ke murje tsutsa, ko cunkusa su a ɗigo ɗaya, ko barin matattu su kwana da masu rai, zai iya zuba wa farantin shaida sinadarin da ake gwadawa ba a sani ba. Don haka ake ƙirga adadi ɗaya a kowane faranti, ruwa ɗaya, a tsame matacciya da zarar an gan ta.

Bayanin da Berking ya bayar shi ne waɗannan sinadarai suna ɗauke da ɗan reshen sinadari mai suna metil da za su iya miƙa wa wasu, kuma yawan miƙa metil a cikin tantani ne ke riƙe tsutsa a matsayinta, ya kuma karkata nama zuwa saiwa. Abin da ya ƙarfafa masa gwiwa shi ne betayin, wani mai ba da metil, yana yin irin wannan aiki. A ganina hujjar tana da ƙarfi a kan abu biyu, cewa sinadaran suna cikin dabbar da yawa, kuma suna sauya tsarinta daga waje. A kan abu na uku kuwa, cewa da su ne dabbar ke ja wa kanta layi, ba ta kai haka ƙarfi ba. Homarin na cikin dabbobin teku barkatai, daga jatan lande zuwa masu ɓawo, inda ake danganta shi da daidaita ruwa da gishiri a jiki ko korar masu ci. Kasancewar abu a wuri bai nuna shi ne mai ba da umarni ba.

Masu wannan fanni sun taɓa ƙonewa a kan haka. A 1973 Chica Schaller ta ba da rahoton wani abu daga Hydra, 'yar'uwar Hydractinia ta ruwan daɗi, da ke hanzarta fitowar kai, a 1981 aka bayyana shi a matsayin feftayid mai amino asid 11. An yi shekaru ana kallonsa a matsayin mai kunna kai da ka'idar Alfred Gierer da Hans Meinhardt ta 1972 ta yi hasashe. Da aka karanta dukkan kundin gadon Hydra a 2010, ba a sami ƙwayar gadon da ke ƙera shi ba. Daga Hydractinia ma an tace wasu abubuwa biyu, ɗaya mai ƙara rabon kai, ɗaya mai tilasta fitowar saiwa, na biyun aikin Lange da Müller ne a 1991. Tasirinsu a faranti gaskiya ne. Amma ma'aunin hujja ya tashi tun daga lokacin: yanzu sai ka nuna inda dabba ke ƙera abin, ka kashe shi, ka ga tsarin ya rushe.

Wanda ya cika wannan sharaɗi shi ne Wnt, wani furotin da tantani ke aika wa juna saƙo da shi, kuma a nan Galwe ta shigo labarin da ƙarfinta. Jami'ar garin, wadda aka kafa a 1845, tana gefen Korib, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa daga tsakiyar gari, kuma a can ne ƙungiyar Uri Frank ta mayar da Hydractinia dabbar bincike ta zamani. Tun a 2006 Günter Plickert da abokansa suka nuna cewa uwa na ajiye saƙon ƙera Wnt a gefe ɗaya na ƙwai, gefen da tsagar farko ke somawa, wanda zai zama wutsiya sannan baki. Yadda yake aiki shi ne: a cikin kowane tantani akwai furotin beta-katenin, akwai kuma wani mai suna GSK-3 da ke yi masa alamar rushewa ba dare ba rana. Inda Wnt ya isa, sai a riƙe hannun GSK-3, beta-katenin ya taru ya shiga cibiyar tantani ya kunna ƙwayoyin gadon yin kai. Inda bai isa ba, nama ya zama ciki ko saiwa.

Maganin azakenfolon yana riƙe GSK-3 kai tsaye, a ko'ina cikin jiki, ko da Wnt ko babu. David Duffy da abokansa sun wallafa sakamakon daga Galwe a 2010: in aka ba da shi lokacin rikiɗa, saiwa ba ta fitowa, hannuwa su ɓullo a sassan da ba nasu ba. In kuma aka danne Wnt3, ɗaya daga cikin nau'o'in Wnt, ko abokin aikinsa Tcf, kai ne ke tauyewa. Na ga folif da aka yi wa maganin. Ba shi da gindin mannewa, yana birgima a ƙasan faranti duk lokacin da aka motsa ruwa, hannuwa sun tsiro masa har ƙasan ciki, kowanne na miƙewa yana laluben abinci. Kusa da shi ga na tirigonelin, shimfiɗe, kusan duk saiwa. Da ganin su biyun a jere mutum ya san igiya ɗaya ake ja ta fuska biyu.

Nan ma akwai ƙa'idojin hannu. Azakenfolon ba ya narkewa a ruwa, sai a wani ruwan narkar da sinadarai mai suna DMSO, don haka farantin shaida dole ya sha DMSO daidai wa daida, kuma a riƙe shi kada ya wuce kashi 0.1 cikin 100. Gishirin litiyom ma yana riƙe GSK-3, ga araha, amma yana taɓa wata hanyar saƙo ta inositol, kuma shi kansa yana tayar da rikiɗa, abin da aka sani tun 1972. Sakamakonsa shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Asid ɗin retinoyik, dangin bitamin A, wanda Müller ya gwada a 1984 ya ga ɗan tsomi kaɗan na ƙara yawan hannuwa, haske na lalata shi kuma yana maƙalewa a roba, sai a yi aikinsa a gilashi cikin dishi-dishi. Lokacin ƙirga kuwa, folif na tsukewa da an taɓa faranti, hannu biyar su zama kamar uku. Ana kwantar da su tukuna da magniziyom kulorayid kashi 4 cikin 100, a ruwan da rabinsa na teku ne rabi tatacce, sannan a ƙirga hannuwa da kan saiwoyi, a auna tsawon ciki. Ya fi kyau mai ƙirgar kada ya san wane faranti ne a gabansa, wani ya rufe sunayen da lamba.

Gwajin da na fito da shi a raina bai fi ƙarfin ƙaramin ɗakin bincike ba: a haɗa tsohon aikin da sabon a faranti ɗaya. A tayar da rikiɗa da siziyom, a yi wa rukuni ɗaya tsomin tirigonelin, ɗaya azakenfolon, ɗaya duka biyun, ɗaya shaida mai DMSO. A ɗebi samfuri duk bayan awa 3 har awa 24, a daskarar da su a farafomaldehayid kashi 4 cikin 100, a rina wurin da Wnt3 ke kunne. In tirigonelin na ƙanƙantar da yankin Wnt3 tun kafin siffa ta sauya, kuma azakenfolon na goge tasirinsa, to a saman Wnt yake aiki. In yankin bai motsa ba amma saiwa ta yi yawa, ta wata hanya yake bi. Kowane rukuni na buƙatar ƙwai daga iyaye aƙalla uku daban-daban, domin gungun da aka tsinto a bakin teku ba gadonsu ɗaya ba, kuma 'ya'yan uwa ɗaya kan amsa siziyom fiye da na wata.